Me ya sa Habasha ta rungumi motocin lantarki?

A farkon 2024 gwamnatin Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu amfani da fetur ko dizal, ta bar ƙofa a buɗe ga masu lantarki kaɗai. Dalilin kuɗi ne. Ƙasar tana sayo man fetur daga waje da dala, dalar kuwa ta yi mata ƙaranci.

Wuta kuma tana da ita a gida, domin mafi yawan lantarkinta daga ruwa yake fitowa. Babbar madatsar da ta gina a kan Kogin Nilu, wadda aka ƙaddamar a watan Satumban 2025, tana iya samar da megawat 5,150.

Motar lantarki ba ta da salansa, ba ta buƙatar juyen baƙin mai. Batiri ne a shimfiɗe ƙarƙashin kujeru, direba ya jona waya da dare, da safe ya kama hanya. Sai dai tsabtarta ta dogara da tushen wutar: inda ake ƙona kwal, hayaƙin ya koma tashar lantarki ne kawai.

Matsalolin da suka rage su ne tsadar motocin, ɗaukewar wuta, da ƙarancin wuraren caji da makanikai a wajen Addis Ababa.