Kaciya Tsakanin Askar Wanzami da Binciken Likitoci

A ƙasar Hausa ba jarirai aka saba yi wa kaciya ba. Sai yaro ya kai shekara 7 ko kusa da haka, ya yi wayo, sannan a jira lokacin sanyi, domin an yarda ciwo ya fi saurin warkewa a hunturu. Akan tara yaran gida ko na unguwa a kira wanzami da sassafe. A haƙa ɗan rami a ƙasa inda jini zai zuba, wani babba ya riƙe yaro ta baya, kafin ya gama ihu aska ta gama aikinta. Daga nan sai jinya: a sa wa ɗan shayi kara tsakanin gwiwoyi don kada cinya ta goge ciwon, a barbaɗa masa garin bagaruwa, a yi ta yanka masa kaji. 'Yan uwa na zuwa barka da kuɗi da nama, ranar fita kuwa a ɗinka masa sababbin kaya.

Yanzu a birane abin ya sauya, iyaye da yawa asibiti suke kai jariri tun kafin a yi arba'in.

Kakanninmu sunna da tsafta suka sa a gaba, ba su jira likita ba. Amma likitocin sun zo da nasu dalilin. Gwaje-gwaje uku da aka yi a Orange Farm ta Afirka ta Kudu, da Kisumu ta Kenya, da Rakai ta Yuganda, sun nuna kaciya na rage haɗarin namiji ya ɗauki ƙanjamau daga mace da kusan kashi 60 cikin 100. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin hanyoyin rigakafi. Manyan maza aka yi wa gwajin, ba jarirai ba, kuma ragi ne kawai: mai kaciya na kamuwa da ƙanjamau, ciwon sanyi ma bai ƙyale shi ba.

Abin da ya fi damuna a kaciyar wanzami shi ne aska ɗaya a kan yara goma. Ta nan ciwon hanta da ƙanjamau ke iya ratsawa daga jinin wani yaro zuwa na wani. Wanzamai da dama sun koma sabuwar reza ga kowane yaro, iyaye kuma na saye su kai da hannunsu.