Babi na Tara: Wasan da Ake Faɗa da Waƙa

Turawa suna da wani wasan kwaikwayo da suke kira ofareta. 'Yan wasa za su yi magana, sai su ɓarke da waƙa, sai su koma magana, galibi don raha da zolayar manya. Jacques Offenbach ya ɗaukaka shi a Faris a 1858, Johann Strauss ya biyo baya a Biyana a 1874, Gilbert da Sullivan suka bunƙasa shi a Ingila. Wannan ya ishe mu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu cewa Bahaushe bai san haɗa wasa da waƙa ba sai da finafinan Indiya suka shigo. Haba jama'a! Masu faɗin haka ba su taɓa yin azumi a ƙasar Hausa ba ne? A je Wurno ko Rabah ko ƙauyukan bakin gulbin Rima idan watan Ramalana ya kwana goma, a tsaya ƙofar gida bayan shan ruwa. Tashe ke nan.

Dubi Jatau Mai Magani. Yaro ne ya rataya tsohuwar jaka cike da saiwoyi da ɓawon itace, yana taku irin na boka. Ya zaro wannan ya faɗi cutar da yake warkarwa, 'yan amshi su karɓa, ya tsaya ya yi ciniki da matan gida da baki, sa'annan ya koma kan waƙa. Ga shiga, ga labari, ga zambo ga masu tallan maganin ƙarya, duk a zaure ɗaya. 'Yan mata kuwa suna da Mairama da Daudu, inda suke koya wa junansu zaman aure. A Kano har sarauta tashe ya haifar: Nalako, mai bin gwauraye da ganga.

Kalankuwa ma haka take, samari su naɗa sarkinsu bayan kaka su kwaikwayi fada. Sai dai tun da aka gama madatsar Goronyo a 1984, albasa da shinkafar rani sun rage wa samari hutun da suke yin wasan a cikinsa.

Indiya ta ba mu rawar saurayi da budurwa, wannan gaskiya ne, fim ɗin Sangaya shaida ne. Amma amshi namu ne tun kaka da kakanni.