An Bar Kwalba, Amma Ƙafa Ba Ta Daina Zugi Ba

Da yawa daga cikin waɗanda suka tuba da shan giya suna zaton lafiya za ta dawo nan take. Sai wata ya wuce, tafin ƙafa na zafi kamar an taka garwashi, yatsu sun sage, da dare ko mayafi ya taɓa ƙafar sai mutum ya zabura. A gida wani ya ce sanyi ne, wani ya ce tsallake aka yi. Likitoci kuwa sun san ciwon: lalacewar jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin laka da gaɓoɓi.

Ta hanya biyu barasa ke yin ɓarnar. Ita kanta guba ce ga jijiya, sannan tana hana hanji tsotsar bitamin B1, wanda ajiyarsa a jiki ba ta wuce 'yan makonni. Mashayi kuma ba kasafai yake cin abincin kirki ba. Jijiyoyin da suka fi tsawo su ke fara jin jiki, shi ya sa ciwon kan soma daga yatsun ƙafa biyu a tare, ya haura ƙwauri, kafin ya kai hannu.

Abin da ya kamata a gaya wa mai jinya tun ranar farko shi ne jijiya ba ta gaggawa. Ko inda take farfaɗowa, tohonta kusan milimita 1 ne kawai a rana. Sauƙi kan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, kuma wanda ya daɗe yana sha ba lallai ya warke sarai ba. A nan ne haɗarin yake, domin wanda ba a yi wa bayani ba zai ce barin bai amfane shi da komai ba, ya koma ruwa, alhali komawar ce ke ƙarasa jijiyar.

Farasitamol ba ya yi wa irin wannan zugi wani abin kirki. Likita kan rubuta amitriptyline, duloxetine, gabapentin ko pregabalin, tare da B1. Sayen tramadol a kemis kuwa buɗe ƙofar wani maye ne. Hatta bitamin ba a shansa barkatai, don B6 idan ya yi yawa shi ma yana lalata jijiya. Wake, gyaɗa, hanta da hatsin da ba a surfe ba suna taimakawa.

Ƙafar da ba ta ji tana buƙatar ido. A duba ta kullum, a daina yawo ba takalmi, a gwada ruwan wanka da gwiwar hannu, a nisanta ta daga kaskon wuta lokacin hunturu.

Babban cikas a wajenmu kunya ce. Magidanci zai je asibiti ya faɗi komai, ya ɓoye shekarun da ya yi yana shan burkutu ko ogogoro. Likita zai auna suga da bitamin B12, ya tambayi ko ana shan maganin tarin fuka, tunda isoniazid, ɗaya daga cikin magungunansa, ma kan jawo irin wannan ciwon, amma in ba a faɗa masa gaskiya ba, lalube zai yi ta yi. Wanda kuma har yanzu yake sha kullum, kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Yin haka na iya jawo jijjiga da ruɗewa, don haka a asibiti ake farawa.