Kuɗin Lanho a Damargu: Wa Ke Tambayar Inda Suka Shiga?

Tun da Janar Abdurahaman Tiani ya rushe majalisun ƙananan hukumomin Nijar a watan Afrilun 2024, aka naɗa kantomomi a madadin magadan gari, magana ɗaya ake yawan ji a rumfunan kasuwannin Damargu, daga Tanut har Belbeji: tunda babu kansila, talaka ba shi da ta cewa sai an sake zaɓe. Wasu ma har ƙarawa suke yi, wai dama can kuɗin ma'aikatar magajin gari daga Yamai suke zuwa, ina ruwan mai noman gero da su. Wannan ta biyun ce ta fi damuna, domin ba haka abin yake ba.

Gwamnati na ba da tallafi, ƙungiyoyin raya karkara ma suna sa hannu. Amma abin da ƙaramar hukuma ke tarawa da kanta, daga aljihun jama'a yake fitowa. Akwai lanhon da mai gari ke bi gida-gida yana karɓa, dala 140 kan kowane mai biya a karkara. Akwai tikitin da mai tallan ƙuli-ƙuli ke yanka ranar kasuwa, da kuɗin tasha, da abin da ake biya kan kowane raƙumi ko sa ko akuya da aka sayar a Bakin Birji. Rushe majalisa bai soke ko ɗaya daga cikinsu ba. Matar da ke zubin adashi ba ta daina tambayar wa ya ɗauka a wannan makon don an canza uwar adashi. Kuɗinta ne, kuma ta san haka. Mai biyan lanho ne kawai aka saba wa ya miƙa, ya karɓi takarda, ya juya.

Kada kuma a ɗauka da can komai daidai yake. An yi zaɓen kansiloli a 2004, da 2011, da Disamban 2020. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ce zaman majalisa a buɗe yake ga kowa, sarakuna ma suna da kujera ta ba da shawara. To, mutum nawa ne daga ƙauyukan Gangara ko Falanko suka taɓa zuwa sauraron yadda ake raba kasafin shekara? Ban ɗora wa talaka laifin duka ba. Takardun da Faransanci ake rubuta su, a ƙasar da ake magana da Hausa da Buzanci da Fulatanci da Barbarci. Ga nisa: gundumar Belbeji da aka ƙirƙira a 2011 ƙaramar hukuma ɗaya ce tak a cikinta, wato Tarka. Makiyayin Tenhiya kuwa, sa'ad da ake zaman, mai yiwuwa yana can bayan garkensa yana neman ruwa. Jami'in da ya liƙa sanarwa a bangon ofis ya ce ya sanar da jama'a, shi kansa ya san wa zai iya karantawa.

Inda abin ya fi nauyi a Damargu shi ne ƙasa. Yankin yana bakin iyakar noma da dokar 1961 ta shata, gona na matsawa arewa, dabba na gangarowa kudu bayan damina. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, kuma na ƙauye yakan haɗa mai gari da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa. A irin wannan zama ake maganar burtali da aka nome, da wurin da za a haƙa rijiya, da sayar da gona. Waɗannan kwamitoci ba kujerun kansiloli ba ne, kuma a nan ne rashin halarta ke da tsada. In aka sa ranar sakin gonaki ba a ji ta bakin wanda bai gama ɗaure geronsa ba, ko wanda shanunsa suka ƙosa a hanya, ƙarshenta ɓarna ce da tara, wani lokaci har da jini.

Kantoma ba zaɓensa aka yi ba, don haka nauyin bayani ya fi hawa kansa fiye da magajin garin da ya gada. Ba abu ne mai tsada ba ya tsaya ranar kasuwa, ko ya shiga rediyon karkara, ya faɗi nawa aka tara bana, nawa aka kashe kan albashi da mai, nawa ya rage wa famfo da ajin makaranta, a kuma fassara wa kowa da harshensa. Masu gari da ke kai kuɗin lanho su ne suka fi kowa damar neman wannan lissafi kafin su sake fita karɓar na baɗi.