Rajistar aiki a harshen R: maganin manhajar da ke ɓata lissafi ta yi shiru

Manhajar kwamfutar da ta samu matsala ta tsaya cak ta yi wa mai ita alheri, domin ko ba komai ya san akwai abin gyara. Wadda ya kamata a ji tsoro ita ce mai kammala aikinta lami lafiya, ta fitar da jadawali mai kyan gani, alhali a tsakiyar hanya ta zubar da wani kaso na bayanan da aka ba ta ba ta ce uffan ba. A aikin ƙididdiga wannan ciwo ya fi ko'ina muni, saboda abin da ake fitarwa alƙaluma ne, kuma alƙaluman ƙarya da na gaskiya kamarsu ɗaya a takarda.

Harshen R na daga cikin manyan kayan aikin masu ƙididdiga a duniya. Ross Ihaka da Robert Gentleman ne suka ƙirƙiro shi a Jami'ar Auckland ta ƙasar Niyu Zilan a farkon shekarun 1990, suna bin sawun harshen S na John Chambers da abokan aikinsa, kuma sigarsa ta 1.0.0 ta fito ranar 29 ga Fabrairu, 2000. Asalin tsarinsa na mutum ne zaune gaban kwamfuta, yana buga umarni yana ganin amsa nan take. Idan wani abu ya karkace, idonsa zai kama. Yau kuwa R ya bar wannan zama. Ana saita shi ya yi aiki da tsakar dare a sabar da babu kowa kusa da ita, ana gina shafukan intanet da shi ta hanyar Shiny da ya fito a 2012, ana ɗora masa rahotannin mako na ma'aikatu da asibitoci. Mai kallon ya tashi, amma halin harshen na nan yadda yake.

Halin nan kuwa na kawaici ne. Ka ce wa R ya mayar da rubutun "1,200" lamba ta hanyar as.numeric, waƙafin nan zai rikita shi, sai ya sa alamar NA, wato babu, ya yi ɗan gargaɗi ya wuce. Ka haɗa jadawali biyu da merge ba ka ƙara masa wani bayani ba, duk layin da bai samu abokinsa a ɗaya jadawalin ba zai fita, kuma wannan karon ko gargaɗin babu. Umarnin lm, wanda ake auna dangantakar abubuwa da shi, yakan ajiye duk layin da ke da giɓi a gefe, sai wanda ya karanta taƙaitaccen sakamakon da natsuwa ne zai ga an faɗi yawansu can ƙasa. Gargaɗin ma R ba ya faɗarsa a lokacin da abin ya faru. Yana tara shi sai umarnin ya ƙare, kuma bisa saitinsa na asali guda 50 kawai yake riƙewa. In sun kai haka sai ya ce an samu 50 ko fiye, shi ke nan. A aikin dare, da zarar manhajar ta rufe, waɗannan 50 ɗin ma sun tafi.

Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna da abin da ya faru a Ingila a 2020. Hukumar lafiyar jama'a ta ƙasar ta rasa lissafin mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna ɗauke da cutar korona tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba, saboda an zuba sakamakon a tsohon nau'in fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Abin da ya haura haka ya zube, aka makara wajen neman waɗanda suka yi mu'amala da masu cutar. Ba R ba ne ya yi wannan, amma ciwon iri ɗaya ne, kuma tambaya guda ce ke kama shi: layi nawa suka shiga, layi nawa suka fito?

Yawancin masu koyon R suna da nasu maganin, wato su watsa print da cat a cikin rubutun manhajar, su sa ta riƙa cewa "na iso nan", "har yanzu lafiya". Yana aiki na yini ɗaya. Idan matsalar ta warware sai a bi a goge su domin sun cika allo da surutu, bayan wata uku wata matsalar ta taso a sake rubuta su daga farko. Saƙonnin ba su da lokaci, ba su faɗin daga wane sashe suka fito, kuma babu yadda za a bambance na hira da na gobara.

Rajistar aiki ita ce tsararriyar hanyar yin wannan abu. Tana kama da littafin da ma'aikaciyar jinya ta dare ke cikawa: ƙarfe kaza an ba gado na kaza magani, ƙarfe kaza zazzaɓi ya hau. Likitan safe bai kwana a ɗakin ba, amma da ya buɗa littafin ya san yadda daren ya kasance. Kowane layi na rajistar manhaja yana ɗauke da lokaci, da nauyin saƙon, da sashen da ya yi maganar, sannan maganar kanta.

Abin da ya ba ta daraja a kan print shi ne ana iya saita ta. Mai rubuta manhaja yana rubuta saƙonninsa sau ɗaya, ya ba kowane matsayinsa, sannan daga baya a zaɓi wanda za a ji. Matakan da aka saba da su shida ne. Daga ƙasa akwai TRACE da DEBUG, na bin diddigi dalla-dalla lokacin farautar kuskure. Sai INFO, labarin aiki na yau da kullum: an buɗe fayil kaza, an karanta layi kaza. WARN na nufin an ga abin da ba a so amma an ci gaba, ERROR wani sashe ya gaza, FATAL kuwa aikin gaba ɗaya ya mutu. Sai a kafa iyaka. In an sa ta a INFO, duk abin da ke ƙasa da shi ba zai fito ba, amma yana nan a kwance cikin manhajar. Ranar da rahoto ya fito da lambar da hankali bai kwanta da ita ba, sai a sauke iyakar zuwa DEBUG a sake gudanar da aikin, ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya na lissafin ba. Wannan na ƙarshe shi ne ribar gaske, domin duk hannun da ya shiga cikin lissafi don ƙara saƙo yana iya barin sabon kuskure a wurin.

Dabarar ta girmi R a wannan fage. Tun shekarun 1980 Eric Allman ya samar da syslog, mai matakan tsanani 8, daga 0 zuwa 7. Log4j na Ceki Gülcü, wanda aka yi wa harshen Java, shi ya yaɗa salon da kusan kowa ke kwaikwayo yanzu, har harshen Python ya sa irinsa a cikin kayansa na gida. R dai bai zo da nasa ba. Message da warning da stop kawai ya tanada. Sai jama'arsa suka cike giɓin da ƙunsoshin da ake saukewa kyauta daga rumbun CRAN: futile.logger na Brian Lee Yung Rowe, logging na Mario Frasca wanda ya bi tsarin Python, log4r, lgr na Stefan Fleck, da logger na Gergely Daróczi. Muhawarar wanne ya fi ba ta cancanci ɓata yini ba. Ni dai ga mai farawa logger nake nuna wa, saboda umarninsa suna faɗin aikinsu da kansu: log_info ya rubuta saƙo, log_threshold ya kafa iyaka, log_appender ya faɗi inda saƙon zai sauka.

Inda saƙo zai sauka shi ma saiti ne. Yana iya fitowa a allo, ko ya shiga fayil, ko duka biyun. Siffarsa ma haka: jimla mai sauƙi don idon mutum, ko tsarin JSON don wata manhajar ta tace dubban layuka cikin ƙiftawar ido. Ana kuma iya ba kowane sashe iyakarsa, a buɗe bakin sashen da ke tsabtace bayanai, wanda ake zargi, a bar na zana hotuna ya yi shiru. Masu gogewa ba sa ma rubuta iyakar a cikin manhajar. Suna sa ta karanto ta daga waje da Sys.getenv ko daga ƙaramin fayil na saiti, yadda manhaja ɗaya za ta yi surutu a kwamfutar mai gina ta, ta kama bakinta a sabar ofis.

Sai dai kayan aiki ba ya gaya wa mutum abin da zai rubuta, kuma a nan ne masu ƙididdiga da yawa ke kwaikwayon masu gina shafukan intanet su yi asara. Rajistar da ta cika da "an fara" da "an gama" ba ta amfani mai lissafi da komai. Abin da yake bukata shi ne tarihin bayanansa. Layi nawa aka karanta daga fayil, nawa suka rage bayan kowace haɗawa da kowace tacewa, giɓi nawa ke cikin kowane muhimmin ginshiƙi kafin a taɓa shi da bayan an taɓa. In an cire wasu lambobi don sun yi nisa da sauran, a rubuta yawansu da dalilin. In kaso mai yawa ya ɓace a mataki ɗaya, saƙon ya hau matsayin WARN, in ya wuce hankali ma a tsayar da aikin gaba ɗaya, domin rashin rahoto ya fi rahoton ƙarya sauƙin gyara.

A rubuta har da sigar R da ta ƙunsoshin da aka yi aiki da su, abin da sessionInfo ke bayarwa a umarni guda, da lambar da aka ba set.seed, umarnin da ke sa zaɓen samfuri ya maimaitu. Wannan ba tsirfa ba ce. A sigar 3.6.0 ta 2019 an sauya yadda sample ke zaɓen samfuri, ta yadda lamba ɗaya ta set.seed za ta ba da zaɓi daban a tsohuwar siga da sabuwa. A 4.0.0 ta 2020 kuma aka daina mayar da rubutu rukuni-rukuni kai tsaye idan an karanta jadawali. Manhajar da ba a taɓa ba tana iya ba da wata amsa dabam don kawai an sabunta kwamfutar, kuma mai binciken da ba shi da rajista zai yi ta zargin kansa a banza.

Akwai kuma abin da bai kamata ya shiga rajista ba ko kusa. Kalmar sirri, mabuɗin shiga rumbun bayanai, sunan majiyyaci, lambar wayarsa, sakamakon gwajinsa. Fayil ɗin rajista ya fi ainihin bayanan yawo: ana tura shi ta imel ga mai taimako, ana manna shi a intanet wajen neman shawara. Tarayyar Turai tana aiki da dokarta ta kare bayanan mutane tun 2018, Najeriya ma ta samu tata a 2023, kuma sunan mutum a fayil ɗin rajista bayanin mutum ne kamar a ko'ina. A rubuta cewa layi na kaza yana da matsala, mai izini ya je ya duba. Ita kanta na'urar rajistar manhaja ce mai iya samun rauni. A Disambar 2021 an gano wata kafa a Log4j da ta ba masu kutse damar shiga sabobi a faɗin duniya ta hanyar saƙon da aka rubuta a rajista. Sannan a sa wa fayil ɗin iyakar girma ya riƙa juyawa, in ba haka ba DEBUG da aka manta a buɗe zai cinye ma'ajiyar sabar.

Ba kowane rubutu ne ke bukatar wannan ɗawainiya ba. Ɗalibin da ke gwada lissafi na layi 20 yana kallon allo, idonsa ya ishe shi. Amma duk manhajar da za ta yi aiki ba ka wurin, ko wani zai gaje ta bayanka, ko za a yanke shawara kan kuɗi ko lafiyar mutane da abin da ta fitar, to ta kai matsayin. Mai karatu da ke da irin wannan a hannunsa, ya buɗe ta a makon nan, ya nemo duk inda ya kira merge, ya sa a rubuta yawan layuka kafin kiran da bayansa.