Gasar Ƙirƙira da Koyon Kasuwanci a Jami'a

Gasar ƙirƙira taro ne da ake shirya wa ɗalibai, a ba su wata matsala da ke damun al'umma, a nemi su fito da hanyar warware ta wadda za ta iya zama sana'a mai riƙe kanta. Misalin da ya yi fice shi ne Gasar Hult, wadda aka fara a 2010, kuma ƙungiyar da ta zo ta ɗaya takan sami dala miliyan 1 a matsayin jari.

A 2013 matsalar da aka bayar ita ce ƙarancin abinci a unguwannin talakawa na birane. Ɗalibai biyar daga Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada suka ci gasar da shawarar kiwon ƙwarin da ake ci. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushen da ya san fara. Kamfanin da suka kafa, Aspire, ya yi kiwon tsutsar bishiyar kwakwar manja a Gana, da kuma gyare a Amurka.

Abubuwa uku ɗalibi ke koya a irin wannan taro. Na farko, bincike: dole ya je wurin masu matsalar ya tambaye su, maimakon ya zauna a aji yana hasashe. Na biyu, lissafi: nawa za a kashe, wa zai saya, kuma a kan nawa? Na uku, iya magana: 'yan mintoci ake ba shi ya gamsar da alƙalai, su kuma su yi masa tambayoyi masu tsauri. A nan ɗalibin harshe yana da abin taƙama, domin tsara hujja da zaɓen kalma aikinsa ne.

Sai dai cin gasa daban, riƙe kasuwa daban. Aspire ya buɗe babbar masana'antar gyare a Kanada a 2022, amma a 2025 bashi ya sa kotu ta ɗora wani a kan kadarorinsa. Jari yakan ƙare, kamfani yakan durƙushe. Abin da ba ya barin ɗalibi shi ne sanin yadda ake gwada shawara tun kafin a zuba mata kuɗi, kuma wannan har wanda bai ci komai ba yakan koma gida da shi.