Rawar Kwana: Abin da Zuk ta Barazil Ke Tuna Mana

A wasu biranen Barazil da na Turai akwai taron da ake buɗewa ranar Juma'a, ba a watsewa sai daren Lahadi, kuma ba a komai a cikinsa sai rawa. Ba a koyar da kowa, ba a gasa. Mutum ya taka, ya ci abinci, ya ɗan runtsa, ya dawo fili. Rawar da ake yi sunanta zuk ta Barazil.

Kiɗan zuk ba a Barazil aka haife shi ba. Na mutanen Gwadalup da Martinik ne, tsibirai biyu na Karebiyan da ke ƙarƙashin Faransa, inda akasarin jama'a jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ne. Ƙungiyar Kassav', wadda aka kafa a 1979, ita ta fito da shi duniya. Bai daɗe ba ya ƙetaro gida Afirka: Oliver N'Goma na Gabon da Monique Séka ta Kwaddibuwa duk da shi suka yi suna. Ita kuwa rawar, uwarta lambada ce, wadda ta taso daga jihar Para ta bunƙasa a garin Porto Seguro na jihar Bahiya. Bahiyar nan ba baƙuwarmu ba ce, don a can ne Hausawa bayi suka yi ta tayar wa iyayen gijinsu da ƙayar baya tun daga 1807. Lambada ta game duniya a 1989, sannan yayinta ya wuce kamar ba a yi ba. Da kiɗan ya mutu, masu rawar a birnin Riyo suka ƙi bin sa kabari. Suka ɗauko zuk mai sanyi, suka rage sauri, suka miƙe taku.

Rawa ce ta namiji da mace riƙe da juna, abin da addininmu da al'adarmu ba su yarda da shi ba, kuma ba tallarta nake yi ba. Abin dubawa shi ne yadda mutane ke kwana uku a fili ba tare da an fasa kan wani ba. Masu shiryawa na ƙayyade yawan mahalarta tun kafin ranar, kowa da sunansa a rubuce. DJ ba ɗaya ba ne, karɓa-karɓa suke yi. Kiɗan kuma ba ya gudu: galibi bugu 70 zuwa 80 ne a minti guda, ɗaya mai nauyi sai biyu marasa nauyi, ko da waƙar daga Angola aka ɗauko ta ko daga Amurka. Gwanin DJ a wurinsu shi ne wanda idonsa ke kan ƙafafun jama'a. In ya ga an jigata ya sassauta, in ya ga barci na neman sace fili ya ɗan ɗaga.

Duk dattijo a nan Unguwar Ya da ya ji wannan zai ce ai ba sabon abu ba ne. Kafin zuwan janareta, da kaka in an gama yankan dawa, farin wata ya fito, dandali ne makwanar samari da 'yan mata daga nan har ƙauyukan Gwaram. 'Yan mata su fara da gaɗa, tafi da baki kawai, ɗaya ta faɗo da baya ƙawaye su cafe ta. Can sai mai kalangu ya iso. Ka lura da shi da kyau: gangar na rataye ƙarƙashin hammatarsa, yana matse tsarkiya da damtse muryar ta yi sama, ya saki ta yi ƙasa, har ta ambaci sunan yarinya da na gidansu. Kowacce da takenta. Da ta ji shi za ta fito ko da tana jan aji, saurayinta ya biyo da liƙi. Shi makaɗin ba ya kallon ganga. Ƙafar mai rawa yake bi. Ta yi sauri ya bi ta, numfashinta ya yi sama ya sauke ta a hankali ya kira wata. Da haka dare ke ƙarewa ba a sani ba.

Wasan kuma yana da masu shi. Akwai sarkin samari, akwai shugabar 'yan mata, maza gefe guda mata gefe guda. A bikin kalankuwa har alƙali da 'yan doka samari ke naɗawa a tsakaninsu, wanda ya yi ba daidai ba a ci shi tara nan take. Ba wai dā ba a ɓarna ba ne. Ana yi, malamai kuma sun daɗe suna wa'azi a kai. Amma mai ɓarnar an san ɗan wane ne.

Kiɗa a wannan ƙasa ma ya girmi kalangu. A duwatsun Birnin Kudu, kusa da tsofaffin zane-zanen shanu na Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai duwatsun da in an buga su suke ƙara kamar ƙarfe. Baturen nan mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya gano su a 1955, kuma daga nan masana suka fara neman irinsu a sauran sassan Afirka. Ramukan da ke jikinsu sawun hannun mutanen da suka daɗe suna bugu ne.

Yau in ana biki, yaro ne zai zo da lasifika huɗu a bayan babur mai ƙafa uku, ya tayar da janareta, ya soka memori. Tun daga waƙar farko ya ƙure murya, a nan zai bar ta har a tashi. Bai san amarya ba, bai san ƙawayenta ba, kansa na sunkuye a kan waya. Kiɗan da ba ya sauka ba ya barin jini ya kwanta, shi ya sa kafin sha biyun dare sai ka ji an fara zare wuƙa. Ga maras lafiya a maƙwabta, ga mai jego, ga masu son tashi sallar asuba. Ba mamaki da a garuruwa da dama masu unguwanni da 'yan Hisba suka hana kiɗan DJ da dare.

Hanin yana da hujja, sai dai shi kaɗai ba ya magani, don samarin kan koma bayan gari inda babu idon babba. Mutanen Riyo sun sauya kiɗa suka riƙe tsari. Mu mun sauya kiɗa mun watsar da tsarin. Mai aurar da 'ya ya sa lokacin farawa da na tashi, ya ware wa mata filinsu, ya wakilta dattijon da za a ji maganarsa, ya gaya wa mai kiɗa iyakar muryar da zai kai. In kuma akwai sauran mai kalangu a unguwarku, ku kira shi ku biya shi hakkinsa, ku sa yaran nan masu lasifika su zauna kusa da shi su ga yadda ake yi.